Gyaran Bature a Kan Maganin Gwiwa

Ni mutum ne da sabon abu ba ya kwana a cikina. In na koyi wani abu da hantsi, kafin la'asar sai na samu wanda na juye wa, ko yana so ko ba ya so. Inna, mahaifiyata, takan ce, "Auta, kai cikinka rariya ne." Wannan labarin ma na sha ba da shi a teburin mai shayi da cikin mota, amma kullum sai wani ya katse ni a tsakiya. Yau dai babu mai katse ni.

A 2012 na sauka Dubai. Wanda ya yi mini biza wani ɗan garinmu ne da ya daɗe a can, kowa Habibi yake ce masa, don ko akuya ya gani sai ya ce mata habibi, wato masoyina. Alkawarin da ya yi mini shi ne aiki a shagon waya, cikin sanyin esi. Na fito daga filin jirgi na duba gabas na duba yamma, babu Habibi babu dalilinsa. Zafin da ya tare ni a bakin ƙofa kuwa, kamar an buɗe mini tukunyar dambu a fuska. Wasu 'yan kasuwar Kano ne suka ji ina ta salati ni kaɗai, suka sa ni a tasinsu har Al Butin, wata tsohuwar unguwa a bakin ruwa mai lunguna da ƙananan otal-otal, ko'ina ƙamshin turare da na kayan yaji.

Washegari na iske Habibi a wani shagon shayi, ya miƙe ya rungume ni kamar shi ya haife ni.

"Habibi! Ka iso? Shuwayya shuwayya, sannu-sannu, aikinka yana nan. Bukra, inshallah."

Na tambaya, aka ce bukra gobe ke nan. Na yi murna. Sai da na ji bukra har ta ginshe ni, sannan na gane goben Habibi ba ta cikin kalanda.

Wanda ya tsamo ni shi ne Yaya Awudu, mutumin Gana, ɗan zangon Kumasi, mai gadi a wani ƙaramin otal. Ya gan ni zaune a kan jakata a ƙofar masallaci, ya ce, "Kai Ɗan Kano, ka ci abinci?" Bai jira amsa ba. Ya kai ni ɗakinsu mai gadaje masu hawa, ya nuna mini na sama wanda mai shi ya tafi hutu, ya zuba mini shinkafa da wake da wani baƙin yaji mai kifi. Ya ce sunan abincin wace. Na ce, "Yaya, ai wake kuka lanƙwasa!" Ya ce, "Ku ci naku, mu ci namu." Hausarsa ta ba ni sha'awa ƙwarai, don a bakinsa babu mace. Matarsa ma cewa yake, "Ya kira ni jiya, ya ce yara lafiya." Na fara yi masa gyara, ya ce in na sake zai sauko da ni daga gadon.

A ɗakin akwai talabijin. Ƙanin Yaya Awudu yana tuƙa tasi a Amurka, shi ya haɗa masa wata 'yar na'ura da ke jawo tashoshin can ta intanet, don ya riƙa kallon kokawa. Da rana kowa ya tafi aiki, sai ni da talabijin. Boko a aji uku na sakandare na tsaya, Turancin da na fito da shi bai wuce na gaisuwa ba. Sai na ce tunda zama ya kama ni, bari in mayar da ɗakin nan makaranta. Na sayi wani tsohon ƙamus, na zauna. Fim ya yi mini sauri, labarai sun yi mini nauyi. Talla ce ta yi mini daidai, don ita maimaita kanta take yi, kamar malamin da ba ya gajiya.

A nan na ga abin da ya sa na miƙe zaune. Ashe Bature ma yana tallar magani!

Ka gane, ni na tashi ina bin motocin masu magani. Duk wanda ya san tashar mota ko bakin kasuwa a Kano ya san su: tsohuwar mota, lasifika a sama, kwalabe a kan but. "Ina mai basir! Ina mai shawara! Ina mai ciwon baya, ina mai daji, ina mai sanyin ƙashi! Kwalba ɗaya, cuta goma! Mutuwa ce kaɗai ba mu da maganinta!" Tun ina yaro na haddace su kaf, ina yi wa Inna a tsakar gida tana dariya. A zatona wannan sana'ar tamu ce mu kaɗai. Sai ga ta a Amurka, ta sa kwat.

Akwai talla ɗaya da ta kama ni. Wata tsohuwar Baturiya ce mai furfura, tana tsaye a gindin matattakala, ta dafa gwiwa, fuska a yamutse, hoton duk ya yi toka-toka. Sai a nuna kwalin magani. Nan take kala ta dawo, kiɗa ya tashi. Sai ga tsohuwar a lambu ta durƙusa, gwiwoyi biyu a ƙasa, tana dasa fure, jikarta na miƙo mata ruwa, wani kare na zagaye su.

Gwiwoyi biyu a ƙasa. Ni ba fure na gani ba, sujada na gani.

Inna awo take yi a gida, shinkafa da wake da gero, mudu a hannu tun kafin a haife ni. Zama da tashi a gaban buhu ya cinye mata gwiwa. Lokacin da na baro gida a kan farar kujerar roba take sallah. Ba ta cika ƙorafi ba, amma ranar da na yi mata sallama ta ce, "Ka yi mini addu'a a can, Auta. Goshina ya yi kewar ƙasa." Ga olsa da ta daɗe da ita, ga hawan jini da take karɓar maganinsa a asibiti.

To a tallar nan, daidai lokacin da tsohuwar ke dasa fure, muryar mai tallar takan sauya. Da farko a hankali yake magana, kamar mai lallashin yaro. Can sai ya saki gudu, ya jero abubuwa rututu ba numfashi. Na ce yawwa, an zo wurin! Ai haka namu suke yi in sun zo jero cututtuka. Na kasa kunne. Kalmar farko da ta faɗo hannuna ita ce olsa. Ban ma buɗe ƙamus ba. Sai bulod furesha, hawan jini ke nan, wannan ma kowa ya san ta. Sauran na bi su ɗaya bayan ɗaya, yau in kamo guda, gobe in kamo wata: ƙoda, jiri, bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki. A ƙarshe kuma ya ambaci mutuwa. Na yi dariya ni kaɗai na ce, shi ma ya faɗi gaskiya, ita ce kaɗai ba ya magani.

Kafin ya fara jerowa akwai kalmomi biyu da yake faɗa kullum: sayid ifek. Na buɗe ƙamus. Sayid, gefe. Ifek, aiki ko tasiri. Aikin gefe. Ina cikin juya abin, sai hoton Inna ya faɗo mini, ta cika mudu ta juye, sannan ta damƙo wake da hannu ta ƙara a gefe. Gyara! Wato ka sayi maganin gwiwa, Bature ya ɗora maka na olsa da na hawan jini gyara. Wallahi ranar ji na yi kamar ni na ƙirƙiro Turanci.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. A ƙarshen kowace talla sai su ce, tambayi likitanka. Likitanka! Kamar a ce telanka ko wanzaminka. Na ce lallai mutanen nan sun ji daɗi, kowa da nasa.

Ana nan sai Yaya Awudu ya haɗa ni da wani Alhaji ɗan Kano da ke sauka a otal ɗinsu, mai sayen kayan gyaran mota. Ya ɗauke ni, ya gyara mini takardu, na fara zuwa aiki Ras Al Khor, unguwar sito-sito da garejoji. Aikinmu loda injina da giyabos a kwantena. Baƙin mai har cikin farce, gumi har cikin takalmi. Da azahar ƙarfe yakan yi zafin da in ka taɓa shi ba safar hannu sai ka tuna zunubanka. Amma aiki ne, kuma akwai 'yan Kano irina, ga Patanawa, direbobi 'yan Pakistan, masu ba mu shayi mai madara ba mu roƙa ba. Kewar gida ta fi kama ni da magariba, in an kira sallah na ga babu wanda zai ce mini, "Auta, ɗauko mini kujerata."

Rariya kuwa ta yi aikinta. Kafin wani lokaci duk 'yan siton sun san labarin maganin Mai Fure, sunan da na sa masa ke nan. Turancinsu bai fi nawa ba, don haka ni ne malam. Yaya Awudu dai na gaya masa a tsaitsaye cewa na samo wa Inna maganin gwiwa, ya ce Allah ya sa a dace. Lokacin aikinmu ya saɓa, kuma shi da an sako talla yake kashe murya ya tafi haɗa shayi, wai masu surutu sun zo.

Na kira Inna na zayyana mata komai, tun daga matattakala har kare.

Ta ce, "Har da hawan jinin?"

Na ce, "Har da shi, Inna. Da olsa. Gyara ne."

Ta ce, "Ikon Allah. Ashe su ma sun san gyara."

Da albashin farko ya shigo, ban ko yi wanka ba na wuce wani kemis a unguwar Deira. Mai kemis ɗin Ba'indiye ne mai tabarau a kan hanci. Na faɗi sunan maganin yadda mai talla ke faɗa, har da karya harshe. Ya ɗauko kwalin, shi ne kuwa, kalarsa da komai. Ya tambaye ni na waye, na ce na mahaifiyata. Ya dafa cikinsa ya ce, "Olsa?"

Na ce, "Yes! Yes! Olsa, BP, duka!"

Sai na ga ya mayar da kwalin kan kanta. Ya yi dogon Turanci yana kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin e ne ko a'a. Abin da na tsinta kawai shi ne takardar likita. Na ce likitan yana Kano, marar lafiyar tana Kano. Ya ce takardar likita. Na fito raina a ɓace, ina cewa a zuciyata ya ga baƙin mai a rigata ne ya raina ni.

Wa zan gani a bakin titi? Habibi. Kunya ba ta cikin kayan da ya zo da su Dubai. Ya ji damuwata ya ce, "Wannan ne matsala? Khalas, an gama, bukra." Abin mamaki, wannan bukrar ta zo. Ya kawo kwalin a leda, a rufe, ya karɓi abin da ya fi rabin albashina. Ban ji zafi ba. Na kai wa Hajiya Balaraba sallahu, wata 'yar kasuwa ce mai sarin abaya, 'yar unguwarmu, za ta tashi ranar Juma'a da safe.

Ta juya kwalin ta ce, "Kai yaro, ba irin ƙwayar da za a tsare ni a filin jirgi ba ce ko?"

Na ce, "Haba Hajiya, maganin gwiwa ne. Ke ma in kin ga aikinsa sai kin aiko a saya miki."

A ranar Juma'ar nan Alhaji ya ba mu aron motar sito muka tafi shan iska wani gari mai suna Hatta a bakin iyakar Oman, Yaya Awudu ma yana hutu ya biyo mu. Hanyar kanta abin kallo ce. Ka bar dogayen gine-gine, ka shiga jan yashi tuddai-tuddai, sai kuma duwatsu su taso baƙaƙe, tsirara, ko ciyawa babu. A tsakiyarsu sai ga gonakin dabino, sai ga dam, ruwa kore shar kwance a tsakanin duwatsu kamar an zuba shi a ƙwarya. Na tambayi direba daga ina ruwan yake zuwa a ƙasar da ba a ruwan sama, ya ce in bar shi ya yi tuƙi.

Bayan mun sauko daga masallaci muka shimfiɗa tabarma a inuwa, ana gasa kaza. Raina fari tas, sallahu yana sama. Sai na naɗe wani kwali na yi lasifika da shi, na hau kan dutse.

"Ina mai ciwon gwiwa! Ina wadda goshinta ya yi kewar ƙasa! Ga na Bature, ga na Amurka! Ƙwaya ɗaya, gwiwa ta lanƙwasu! Tsaya Hajiya, kar ki tafi, akwai gyara! Olsa, gyara! Hawan jini, gyara! Ƙoda, jiri, bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, duk sayid ifek ne, ba kya biyan ko sisi! Mutuwa ce kaɗai ta gagare mu!"

Aka fashe da dariya. Yaya Awudu har da riƙe ciki, yana cewa, "Cale, aboki, yaron nan ya iya shaƙiyanci! Haka suke yi wallahi!"

Sai Sani, abokin lodina, ya ce, "Ni dai in an yi albashi ka haɗa ni da Habibin nan. Babanmu ma olsar ce ke hana shi azumi."

Dariyar Yaya Awudu ta tsaya cak. Ya dubi Sani, ya dube ni.

"Ɗan Kano, sauko. Wasa kake yi ko gaskiya?"

"Wane irin wasa, Yaya?"

"Maganin da ka saya ma mamanka, wannan ne? Kuma mamanka yana da olsa?"

"Shi ya sa ma na saya."

Ya ɗora hannu biyu a ka. "Ei! Sayid ifek ba gyara ba ne! Ɓarna ne! Ba ya ce yana warkar da olsa ba. Ya ce in kana da olsa, maganin zai iya huda shi, ciki ya yi jini. In kana da hawan jini, zai iya ƙara shi."

Na diro daga kan dutsen. Amma ka san hali, tambaya ce ta fara fitowa. Na ce, "To don me mai talla zai tsaya yana zagin kayansa?"

"Doka ne ya tilasta shi!"

"Mutuwar fa da ya faɗa a ƙarshe?"

"Mutuwa ma yana cikin gyaran!"

Na zaro waya. Ashe a cikin duwatsun nan layin Oman take kamawa, kuɗin cikinta ba zai kai ko sallama ba. Yaya Awudu ya miƙo tasa, muka hau gangaren dam da gudu muna ɗaga ta sama har layi ya dawo. Wayar Hajiya Balaraba a kashe, tana cikin jirgi. Na kira yayata Sadiya, wadda ke zaune da Inna.

Ban gama bayani ba ta ce, "Innalillahi. Auta, ai maganin hawan jinin nata ya ƙare tun makon jiya, ta hana a karɓo wani. Ta ce na Dubai yana hanya, a daina ɓarnar kuɗi. Jiya ma da ciwon kai ta wuni."

"Ba ni ita, Yaya Sadiya."

Inna ta karɓa da fara'arta. "Auta, an ce Balaraba ta taso ko? Duk na gaya wa matan layi. Har Iya Mairo ta ce in ɗan gutsura mata."

"Inna, don Allah kar ki sha. Kar ki ba kowa. Kuskure aka yi, ba gyara ba ne."

Ta ce, "Kai da bakinka ka ce ka ji da kunnenka, ka duba a littafi."

"Na ji, amma ban ji daidai ba. Wani yayana a nan, mutumin Gana, shi ya fahimtar da ni."

"Yanzu mutumin Gana ya fi Bature sanin maganin Bature? Ko dai kuɗin ne ka ga sun yi yawa, kake so a mayar?"

Wannan ta soke ni. Yaya Awudu ya fizge wayar. "Mama, sannu. Don Allah kar ka sha wannan magani. Ka je asibiti, ka nuna ma likita tukuna."

Ina jin muryarta daga nesa: "Wane ne wannan yake mayar da ni namiji da tsufana?"

Da wani lokaci ne da na yi dariya har na faɗi. Na karɓi wayar. Na san in na ce mata Turanci kaza yana nufin kaza, ba za ta saurare ni ba, tunda da Turancin na kai ta nan. Sai kawai na sake ba ta labarin tallar, amma wannan karon yadda take. Na ce mutumin yana faɗin amfanin maganin, sannan yana faɗin cutar da zai iya jawowa, ni kuma na ɗauka duk amfani ne.

Ta ce, "Tsaya. Da ya zo faɗin aibin, yaya ya faɗe shi?"

"Da sauri, Inna. Kamar ana korarsa."

"Amfanin fa?"

"A hankali, kalma-kalma."

"Lokacin da yake saurin, me suke nuna maka?"

"Tsohuwar tana dasa fure. Ga jikarta, ga kare, ga kiɗa."

Na ji ta ja dogon numfashi. Ta ce, "To na gane shi. Akwai irinsa a kasuwar hatsi ta Dawanau. Sai ya zo cika mudu yake tambayarka mutan gida, yana nuna maka wani abu a can. Irin wannan hannunsa ake kallo, ba bakinsa ba." Sai ta ɗaga murya, "Sadiya! Ɗauko mayafinki ki karɓo mini na hawan jinin nan a kemis, kafin Litinin mu je asibiti." Ta dawo kaina. "Kai kuma ka gaishe mini da mai mayar da ni namiji. Ka ce na gode."

Na zauna a kan dutse, ruwan dam yana ƙasa yana ƙyalli. Yaya Awudu ya dafa kafaɗata ya ce, "Taso, kaza zai ƙone."

Abin bai bar ni ba. Cikin satin na ja Yaya Awudu muka koma wurin Ba'indiyen nan, ya yi mini tafinta. Mutumin ya gane ni, da ya ji labarin ya cire tabarau ya goge ido don dariya, sannan ya ce abin da yake ta gaya mini ke nan ran nan. Ya ce maganin ba mugu ba ne, akwai waɗanda yake yi wa amfani sosai, amma likita ne zai duba ya ga wa ya dace da shi. Ya ɗauko kwali biyu ya ajiye, na Mai Fure da wani fari fes marar ado. Ya ce abin da ke cikinsu ɗaya ne, suna ne ya bambanta. Da ya faɗi kuɗin farin sai da na ce ya maimaita, don bai kama ƙafar wancan ba.

Na ce a tambaye shi dalili. Ya ce dalilan da yawa, akwai kuɗin binciken da aka yi kafin a samo maganin. Sannan ya ce, amma tsohuwar nan da karenta da mai kiɗa, wa nake zaton yake biyansu?

Na nuna ƙirjina. Ya kaɗa kai, wannan karon na gane e yake nufi.

Ya ƙara da cewa a nan Dubai ba a yarda a yi tallar irin wannan magani a talabijin ba, yawancin ƙasashe ma haka, Amurka ce da wata ƙasa suka bari. Amma tunda tashoshi sun zama ba su da iyaka, ba ni ne na farko ba. Mutane kan shigo da sunan magani a baki, likita bai ko taɓa su ba. Wasu har wurin likitan suke zuwa su kafe sai shi, in an rubuta musu mai araha su ce an raina su.

Daga ranar kallon talla ya zama mini wani sabon karatu. Na bi su ɗaya-ɗaya, na maganin barci, na suga, na ƙaiƙayi. Duk tafiyarsu ɗaya. Da ka ga kare ya fara gudu ko jika ta fara dariya, to kasa kunne, an zo wurin. Na riƙa rufe ido ina saurare, sai in ji wata talla daban da wadda ido ke gani. Na koma sito na warware wa su Sani karatun da na yi musu, har suka sa mini suna Dakta Gyara, sunan da ya bi ni har na bar Ras Al Khor.

Ranar Litinin Yaya Sadiya ta kai Inna asibiti da kwalin a jaka. Likita ya karanta, ya tambaye ta olsar, ya tura shi gefe ya ce wannan ba nata ba ne. Ya auna jini ya yi faɗa, ya mayar da ita kan maganinta, ya ba ta na shafawa, ya koya mata yadda za ta riƙa motsa ƙafa tana zaune. Na ce a nemi mai saye a sayar da kwalin, Inna ta ce ba da ita ba, ba za ta sayar wa wani abin da aka hana ta ba.

Sai a 2014 na samu zuwa gida. Na iske kwalin a cikin kabet ɗinta, tsakanin kofunan tangaran, a rufe yadda Habibi ya miƙo mini, kwanan watansa ma ya kusa wucewa. Farar kujerar roba tana nan a kan dardumar sallah. Na tsaya ina kallonta, Inna ta lura.

Ta ce, "Bar kallonta. Wanda ake yi wa sujadar ya san inda goshin yake so ya kai."

Ana haka Iya Mairo ta yi sallama da kwanonta, tana son wake. Inna ta jawo buhu, ta cika mudu ta juye. Sannan ta damƙo da hannu ta ƙara a gefe, ta kalle ni ta wutsiyar ido.

"Ungo gyara, Mairo. Ci ba fargaba, irin namu ne, ba na Auta ba."